Yadda Jatau Ya Gasa Ƙasar Surukarsa

Duk wanda ya ji sunan Jatau kafin ya ga mai sunan, sai ya yi ta waige-waige yana neman farin mutum. Ni da muka tashi tare a kambo, unguwar 'yan ƙwadagon auduga da ke cikin Jazira, zan iya ba da shaida cewa an haife shi da ɗan ja-ja, ya yi mako guda a haka, daga nan ya sake shawara. Ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da izinin faɗar wannan da ma abin da ya fi shi. Jan da ya rage masa shi ne na ƙurar tubali da ke kwanciya a girarsa da gemunsa, domin tun da muka bar gona muka shigo Khartum aikinsa ɗaya ne, gasa tubali a Aljirif, bakin kogi.

Aikin ba shi da wuyar bayani, wuyar yi gare shi. Idan kogi ya cika ya janye, yakan bar laka mai laushi a gaɓa. A haƙo ta, a cuɗa da kashin shanu, a tattake da ƙafa, a buga a akwatin katako, a shanya. In ta bushe a jera ta tsibi mai tsayin ɗaki, da ramukan wuta a ƙarƙashi. Wannan tsibin shi ake kira kamina, kuma Jatau shi ne mai wuta. Da ya dubi hayaƙi ya san ko cikin ya nuna. A duniya ba abin da ya raina kamar abin da aka gasa rabi da rabi. Ko ƙwai aka dafa masa ya ga kwaiduwar da ruwa-ruwa, sai ya mayar da shi kicin da saƙon gaisuwa.

Gida ɗaya muke zaune a Alhilla Kuku, an raba shi da katangar da ba ta wuce ƙirjin mutum ba. Ta kanta matata Ni'mat da matarsa Hajara ke miƙa wa juna gishiri da garwashi da labari. Ni ba mai saurare ba ne, amma katangar gajera ce, kuma Allah ya hore mini kunne.

Hajara doguwa ce mai ƙarancin magana. Kisra take yi. Kowace safiya tana zaune gaban faifan ƙarfe mai zafi tana shimfiɗa ƙullun dawa siriri kamar takarda, mai gidan abincin bakin titi ya zo da kansa ya kwashe. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu yana zubewa kafin ya cika wata huɗu. Duka biyun, da zarar ta tabbatar sai ta aika kambo, uwarta Inna Khadiga ta hawo motar Managil da ƙunshin busasshiyar kuɓewa da 'yan rigunan da ta ɗinka da hannu. Duka biyun tsohuwar ta bar kuɓewar, ta koma da 'yan rigunan a ƙasan jaka.

Hajara 'yar fari ce. Saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa jawo ta jikinta a gaban mutane ba. "Ke" take ce mata, kamar yadda kakanninmu suka zo da abin daga yamma. A komawa ta biyu ni na raka su tasha. Inna ta shiga mota, ta zaɓi kujerar da ba ta kallonmu, ta ja mayafi har hanci. Da muka dawo gida Hajara ta tsaya jikin katanga ta ce wa Ni'mat, "In Allah ya sake ba ni, Inna ba za ta ji ba sai ya motsa. Ba zan ƙara sa ta hau mota don ta zo ta wanke mini zane ba."

Allah ya sake ba ta a sanyin shekarar da ta gabaci yaƙi, kuma ta riƙe maganarta. Riƙewar ce ta ci ta. Inna ba ta da waya, ta maƙwabci ake kira duk Juma'a a miƙa mata. Hajara ta daina kira, domin a cewarta Inna tana jin ciki a murya. Sai ta riƙa ba Jatau ya gaishe ta, shi kuma da kunyar surukuta ba ya wuce "ina gajiya, yaya gona", yana durƙushe a tsakar gida kamar tsohuwar tana ganinsa. Hajara tana gefe, kunnenta kusa da bayan wayar, tana tsintar abin da ya tsiyayo na muryar uwarta.

Laulayi ya yi da ita yadda ya so, sannan da aka shiga wata na huɗu ya sake ta kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ta koma cin ful, dafaffen waken nan, da safe har tana sa cokali a kwanon mijinta. Fuskarta ta ɗan yi duhu a kan kumatu. Ni'mat ta ce wani baƙin layi ya fito mata daga cibiya zuwa ƙasa, zanenta kuma ya fara neman ƙarin ɗauri, ko da yake in ta yafa tob, dogon mayafin matan nan, ba wanda zai ce ga abin da ke ciki. In ta miƙe da sauri daga gaban faifan kisra sai ƙasa ta juya da ita, ta dafa bango. In ta yi asuwaki dasashinta ya yi jini. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan Jatau yakan kawo mini shi da safe a wurin jiran mota, fuska a murtuke, kamar ni na aiko su.

"Mika'ilu, jiya gefen cikinta ya ja da ta yi atishawa."

Na ce, "Sai ka hana ta atishawa."

"Na hana."

Wata la'asar ya dawo daga Aljirif, ya rataye rigar aiki a igiya, ya shiga wanka. Yana fitowa ya tarar da Hajara ta tusa fuska cikin rigar, ita da a da ko wanke ta sai ta kau da kai.

"Lafiya?"

Ta ce, "Ƙasa nake so, Malam."

Washegari ya bar wuta a hannun wani, ya raka ta awo. Shi kaɗai ne namiji a bencin asibitin unguwa, da hularsa a gwiwa. Sistar, wata mai ƙiba da tabarau, ta ja fatar idon Hajara ƙasa ta duba, ta sa aka ɗebi jini, ta ce jinin ya yi ƙasa, kuma sau da yawa mai kwaɗayin ƙasa haka ake samun ta. Ta ba ta jajayen ƙwayoyi, ta ce kada a kora su da shayi domin shayi yana hana su aiki, abin da Jatau ya ɗauka a matsayin zagi ga ƙasar Sudan baki ɗaya. Ta ce a ci hanta da wake da ganye, a sha ruwa da yawa, a kwana cikin gidan sauro, a riƙa kwanciya ta gefen hagu, a tashi a hankali, a riƙa ɗan tattaki da yamma. Nan ma ya so ya yi gardama, don shi a saninsa ɗanyen tubali ba a motsa shi.

"Ƙasa kuwa," in ji Sista, "ko ƙwaya ɗaya. Tsutsa ce a ciki da ƙazanta, kuma tana toshe hanji. Ka ji, Baban kamina?"

Ta ɗora wata 'yar na'ura a kan cikin Hajara, sai ga ƙara ta cika ɗakin, sauri-sauri, kamar ana sakwara a gidan maƙwabta. Ta ce zuciyarsa ke nan. Ta ce yanzu bai fi gwaiba babba ba, amma ya riga ya yi yatsu da farce, yana haɗiyar ruwa, yana juyi, wani lokaci har ya kai ɗan yatsa baki. Ƙanƙanta ce kawai ta hana a ji shi, nan da 'yan makonni zai buga ƙofa.

Jatau ya dawo yana nuna mini girman gwaiba da tafin hannu. Kafin mako ya zagayo gwaibar tasa ta kusa kankana. Hajara kuwa da Ni'mat ta taya ta murna, sai ta ce, "Na biyun ma ya buga haka. Na ji shi da kunnena." Ta ci gaba da tankaɗe.

To ga Sista ta ce kada a ci, ga matan unguwa sun ce kada a hana. A wurinmu kowa ya san zancen: mai ciki in ta yi kwaɗayin abu ba ta samu ba, ta sosa jikinta, ɗan zai fito da tabo mai kamar abin a daidai wurin. Na ce wa Jatau ya kwantar da hankali, ɗan da ya gado shi ko tabon ƙasa ya fito masa ba mai lura. Bai yi dariya ba. Ya ce a cikin farko ta nemi mangwaro ba lokacinsa ba, ya ce ta yi haƙuri. A na biyu ta nemi kifin kududdufin kambo, ya sayo mata na kogi.

"Wannan karon abin da ta ce shi za ta gani," in ji shi. "Ko ta lasa ne kawai."

Daga nan na daina tsokanarsa a kan wannan, na koma tsokanarsa a kan wasu abubuwan.

Ya fara da abin da ya sani. Ya shiga gaɓar Aljirif har gwiwa, ya haƙo laka daga inda ba ƙafar da ta taka, mai santsi kamar man shanu, ya kawo a gwangwani. Hajara ta shinshina.

"Wannan ai warinka ne."

"To da na wa kike so?"

"Ba ita ba ce, Malam. Allah ya saka."

Ranar hutunsa ya ƙetara gada zuwa Omdurman, wurin wata Hajja daga tsofaffin gidajen mutanenmu, wadda ke sayar da turare da lalle, da kuma ƙasar masu ciki a ƙarƙashin tebur. Ita takan ɗan babbaka tata a kan garwashi. Jatau ya karya gutsure ya ga cikin ɗanye ne, ya yi mata wa'azi a kan wuta, ta ce in ya gama ya matsa mata daga rana. Ya kawo. Hajara ta shinshina ta ce warin gawayi.

Da ya matsa mata, sai ta faɗa, idonta a kan tabarma. Bayan bukkar Inna akwai ƙaramar hanyar ruwan da ke shiga gonaki. A gaɓarta, ƙarƙashin dalbejiya, ƙasar baƙa ce, tana tsagewa da rani kamar tafin ƙafar tsoho. Ita take so.

Kambo tafiyar rabin yini ce, ga wuta ba ta jiran mutum. Sai ya tuna da Hamuda, ɗan kambonmu da ke kamsari, wato mai karɓar fasinja a motar Managil. Ya ja ni tashar Suk al-Shabi don in zama shaida. Muka same shi rataye a ƙofar mota yana kiran gari da muryar da ta gaji da shi.

"Ya zol, bawan Allah, ƙasa?" in ji Hamuda da ya ji saƙon. "Kai da kake kwana cikin ƙasa?"

"Ta bayan ɗakin Inna. Ka ce mata maigidanmu ne yake son a gwada ko za ta yi tubali."

"Daga Khartum za a zo kambo yin tubali."

"Haka za ka ce. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"In ta tambayi Hajara fa?"

"Ka ce lafiya lau, tana kisra."

A hanyar dawowa Jatau yana ta jin daɗin dabararsa. Ya ce sirri ya tsira, kwaɗayi ya biya. Ni ma, gaskiya, na ga dabarar ta yi. Maza biyu masu gemu, ba wanda ya hango komai.

Ƙasar ta iso cikin mako, dunƙule kamar kan jariri, an naɗe ta da wani tsohon ƙyalle ruwan ƙasa-ƙasa mai 'yan furanni da suka koɗe. Hamuda ya ce tsohuwa ba ta ce komai ba. Ta dube shi, ta ɗauki fartanya da kanta, ta tafi bayan ɗaki.

Da a ce Jatau ya wuce gida da ita, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma daga tasha Aljirif ya nufa, yana tafe yana tuna tsutsar Sista. Ya kwance ƙyallen ya ga 'yan saiwoyi da ƙwansar katantanwa a ciki. Ya ce wannan ba za ta shiga bakin matarsa haka ba. Hajjar Omdurman tana kan hanya, in ji shi, wutarta ce ba ta isa ba. Ya jiƙa ƙasar, ya tace, ya murza, ya daidaita kusurwoyinta da gefen wuƙa domin hannunsa bai san yadda ake barin abu dunƙule ba. Ya shanya. Da aka zo kunna sabuwar kamina ya sa ta a wuri mafi daraja, tsakiya, inda wuta ke zama.

Ni'mat ce ta kira ni ranar da ya kawo. Bayan la'asar ne, Hajara tana zaune bakin gado a inuwar rumfa tana gyaran wake. Jatau ya shigo da wanka da farar jallabiya kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya durƙusa, ya ajiye ƙunshin a cinyarta.

"Ta bayan ɗakin Inna," ya ce. "Ba tsutsa ko ɗaya. Na tsaya a kanta da kaina."

Ta kwance. Ga ɗan tubali ja jawur, kyakkyawa, bai fi sabulun wanka ba. Ta juya shi. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ya yi ƙara kamar kofin shayi. Ta kai hanci. Ba abin da ke ciki sai wuta.

"Malam," ta ce, "da wane haƙorin?"

Ni'mat ta sulale ƙasa a bayan katanga, hannu a baki. Hajara ma ta fara dariya, kafaɗunta na rawa, waken yana zubewa. Jatau yana kallon tubalin kamar yau ya fara ganin irinsa. Can sai dariyar ta tsaya. Idonta ya sauka a kan ƙyallen.

Ta ajiye tubalin, ta ɗaga ƙyallen da hannu biyu. A cikin ninkinsa akwai ɓurɓushin baƙar ƙasa da ya tsira daga hannun Jatau. Ta miƙe a hankali yadda Sista ta ce, ta je randa, ta tsoma yatsu, ta yayyafa a kai. Har inda nake tsaye na ji shi. Ƙamshin tsakar gida ne a kambo da yamma, lokacin da mata ke yayyafa ruwa kafin a shimfiɗa tabarmi, shanu na dawowa, ana kiran yara su zo su wanke ƙafa. Na yi shekaru ban san ina kewarsa ba.

Ba ta kai ko ƙwaya baki ba. Fuska ta rufe da ƙyallen ta tsaya haka.

"Tob ɗin Inna ne," ta ce daga ciki. "Da shi ta goye mu." Ta sauke shi. "Me ka ce a faɗa mata?"

"Cewa za a gwada ƙasar ko za ta yi tubali."

"Ka aika daga Khartum a ɗebo ƙasar bakin ruwa."

"Eh."

"Wurin matar da ta haife mu duka, ta karɓi haihuwar rabin kambo."

 Jatau ya juyo ya dube ni. Na ga wani abu mai muhimmanci a kan rufin maƙwabta.

"Ta sani," in ji Hajara. "Ta sani, ga shi kuma shiru." Ta dafa cikinta da ƙyallen. "Shiru ne, Malam. Ba abin da nake ji sai ful."

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi nauyi. Tana shan jajayen ƙwayoyinta da ruwan lemo, tana tattaki da Ni'mat zuwa bakin titi da dawowa, ta rage zama gaban wuta. Jirin ya ragu, kwaɗayin ƙasa ma ya fara sakinta. Amma duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ta ɗaga kai, ni kuma ban san ko fata take yi ko tsoro ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Ƙyallen yana ƙarƙashin matashinta. Tubalin kuwa Jatau ya ɓoye shi bayan randa, inda yake zaton ba a gani.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a ƙofar gida muna shan shayi, sai ga raksha, babur mai ƙafa uku, ta tsaya. Hamuda ya fito da jaka. Bayansa wata 'yar tsohuwa ta sauko da ƙafa ɗaya-ɗaya, tana riƙe da ƙunshin kuɓewa. Jatau ya zube ƙasa, kofi a hannu, shayin na zuba a jallabiyarsa.

Inna ba ta dube shi ba, kamar yadda ya kamata. Ni ta duba.

"Mika'ilu, ka tambayi ɗan'uwanka. Ƙasar tamu ta yi tubalin?"

Na ce, "Ta yi, Inna. Ja jawur."

"Madalla. Na zo in ga ginin."

Ta shige. Abin da ya faru a ciki daga Ni'mat na ji, sai ɗan abin da katanga ta bari ya tsallako. Hajara tana tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya. Ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta amsa tana kallon igiyar shanya, ta tambayi ruwa, ta sha, ta ce randar tana son wanki. Sannan ta zauna bakin gado ta ce, "Ke, zo nan."

Ta sa ta kwanta ta gefe, ta ɗora tafin hannunta mai kaushin fartanya ƙasa da cibiya.

"Bai motsa ba, Inna," in ji Hajara. "Shi ya sa ban aiko ba. Na ce sai ya motsa."

"Me kike ji?"

"Ba komai. Iska ce kawai, in na ci ful."

"Yaya take yi, iskar?"

Hajara ta yi tunani. "Kamar ɗan kifi ya gifta ƙafar mutum a ruwa. Nan ƙasa. Sai ta ɓace."

"Tana fita?"

"A'a."

"In kin ƙoshi kin kwanta ta fi zuwa?"

"Eh."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo ƙasar."

Ni'mat ta ce tsohuwar ta ɗauke hannunta, ta gyara mayafi, ta dubi sama kamar mai duba hadari a tsakiyar rani.

"Iskar da ba ta fita," ta ce. "Da na biye miki da sai ya fito ya yi sallama da kansa. Me kike jira, ya yi miki shuri kamar jaki? Ke ma haka kika fara. Ina tsugune ina cire ciyawa a auduga, na ce kifi ya bi ni gona."

 Hajara ta kamo hannun ta mayar da shi inda yake, ta danne da nata biyu. Inna ba ta janye ba. Ta dai juya fuska wajen bango, tana faɗa a kan randa.

Mu muna waje. Jatau bai tashi daga durƙuson ba sai da Ni'mat ta leƙo ta katanga ta gyaɗa masa kai. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya ɗauki kofina ya shanye, ya ce bari ya je ya duba wuta. Na tuna masa Juma'a ce, ba wuta. Ya ce duk da haka. Ya tafi har ƙarshen layi ya tsaya yana kallon bangon wani, kafaɗunsa na motsi, ni kuma na bar shi da bangon.

Da yamma Inna ta wanke randar da kanta, ta ci karo da abin da ke bayanta. Ta juya shi a hannu, ta gwada kaushinsa a tafinta.

"Mika'ilu, ka ce wa ɗan'uwanka ya iya wuta."

Ta sa aka kawo ruwan ɗumi a kwano. Ta ce mai ciki nan gaba kaɗan ba za ta iya sunkuyawa ta kai ƙafarta ba, gara a fara tun yanzu. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar Hajara a cinyarta, tana goge mata kaushin dunduniya da tubalin, a hankali, tana mitar yadda matan birni ke barin ƙafa. Jakar tana gefe ba a buɗe ba. Sai bayan kwana biyu Ni'mat ta ga 'yan riguna a igiya, an wanke su, sun ɗan yi rawaya a ninki.

Yarinyar ta zo ana tsakiyar damina. Aka sa mata sunan kakarta, ana kiranta Rayan. Na duba ta sosai ranar suna, ba tabo ko ɗaya, kuma ta fito da ɗan ja-ja irin na ubanta, ta yi mako guda a haka.

Tana fara tsayuwa da jikin katangar nan aka fara harbi a Khartum. Muka watse, kowa da inda mota ta sauke shi. Su suna gabas yanzu, Jatau yana gasa wa wasu mutane wata ƙasa yana raina ta. Da muka yi waya kwanan baya ya ce ranar fita Hajara ta bar faifan kisra, ta bar gado, amma ta koma ciki da gudu ta ɗauko tubalin. Kusurwoyinsa duk sun cinye, in ji shi, ya koma dunƙule kamar yadda aka kawo shi.

Na ce, "Ka ga da ka bar shi haka tun farko."

Layin yana ƙara. Can ya ce, "Mika'ilu, kana tuna ƙamshin nan?"

Na ce ina tunawa.